Bangon da Gulbi Ya Ci: Tarihin Adon Gida a Maraɗi

Wanda ya zaga Birnin Damagaram ya ga zanen da ke fuskar tsofaffin zauruka, in ya dawo Maraɗi sai ya zaci Katsinawan nan ba su san wannan ado ba. Zaton kuwa kuskure ne, ruwa ne ya tafi da shaidar.

Sarakunan Katsina da jihadi ya fitar daga birninsu a 1807 sun kafa gadon mulki a Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka zauna Tsibiri a 1836. Tsohuwar Maraɗi cikin kwari take. A 1945 ambaliyar Gulbi ta cinye ta, Faransawa suka mai da jama'a bisa tudu, suka yanka musu tituna miƙaƙƙu. Unguwanni irin su Sabon Gari a wannan sabon mazauni suka tashi. Saboda haka mai neman tarihin adonmu, sai ya neme shi a hannun magina da bakin tsofaffi.

Aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Magini kan zana dagi da sauran siffofi da yatsunsa tun yaɓe yana ɗanye, sannan a bi da farar ƙasa ko jar ƙasa. Abin da ke tsare zanen daga damina shi ne makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, da gashin jima, da dafara. A lura da kyau: bango ɗaya ya tara magini da marini da majemi. Ranar da marina ta mutu a gari, laso ya bi ta, ko da magini yana raye. A ganina wannan ya fi sauyin sha'awar mutane bayyana dalilin ɓacewar adon.

Cikin gida kuwa na mata ne. Su ke taruwa su yi wa ɗakin amarya daɓe, a zuba tsakuwa, a yayyafa makuba, ana bugu da madaɓi ana waƙa, har ƙasa ta yi santsi da sheƙi. Masu rubuta tarihin gini sun cika tsayawa a ƙofar zaure, su manta da wannan rabin.

Kuɗin gujiya na shekarun 1950 ya kawo wa alhazan Maraɗi kwano da fenti, masana'antar Malbaza kuma ta kusanto da siminti a shekarun 1960. Siminti ya raba maigida da wahalar yaɓe kowace shekara, amma ba ya jituwa da bangon ƙasa: laima kan taru a bayansa har ya ɓamɓare. Shi ya sa a ƙauyukan Jiratawa da Tsibiri, inda ginin ƙasa bai ƙare ba, har yau da ƙasa ake gyara bango kafin ruwan farko ya sauka.