Carol Robinson da Awon Abin da Ido Ba Ya Gani

Kowa ya san sikeli, ya kuma san kwanon awo. Amma akwai wani irin awo wanda ba a yin sa a kasuwa, watau awon ƙananan ƙwayoyin nan da aka gina jikin mutum da su, waɗanda ido ba ya ganinsu don ƙanƙanta. Za mu ba da labarin wata Baturiyar Ingila wadda ta yi suna a kan wannan awo.

Tun cikin 1919 wani masani, Francis Aston, ya ƙera na'urar awon ƙwayoyi a Jami'ar Kambirij. Ga yadda take aiki. Sai a ɗora wa ƙwayoyin ƙarfin lantarki, a harba su cikin bututun da aka zuƙe wa iska, maganaɗisu ya karkatar da su. Marar nauyi takan karkace da yawa, mai nauyi kuwa kaɗan, kamar dai yadda iska ke raba tsaba da ƙaiƙayi wajen shiƙa. In an san nauyin ƙwaya, an kama hanyar sanin ko mece ce.

An haifi Carol Robinson cikin 1956. Tana da shekara 16 ta bar makaranta, ta kama aikin ƙaramar ma'aikaciya a ɗakin gwaji na kamfanin magunguna na Pfizer, a garin Sandwich. Can ta fara sanin na'urar nan. Ba ta saki karatu ba, tana aiki tana zuwa ajin yamma shekara da shekaru, har ta kai ga Jami'ar Swansea. Daga nan ta wuce Kambirij, ta sami digirin dakta cikin 1982. Sa'an nan ta ajiye aiki shekara 8, ta reni 'ya'yanta uku.

A cikin shekarun nan ne wani Ba'amurke, John Fenn, ya gano dabarar fesa ruwa mai ɗauke da furotin ta bakin wata siririyar allura mai lantarki. Ruwan ya bushe, furotin ya tashi cikin na'ura ba tare da ya ƙone ba. Furotin kuwa su ne ma'aikatan jiki, su ke narkar da abinci, su ke kai iskar numfashi ko'ina cikin jini. Saboda wannan dabara aka ba Fenn Kyautar Nobel cikin 2002.

To, amma da sauran rina a kaba. Furotin da yawa ba su aiki ɗaiɗai, sai sun haɗu ƙungiya ƙungiya. Wanda ke sa jini ja, alal misali, guda huɗu ne a manne. Masana da dama suna ganin in an raba irin wannan ƙungiya da ruwa aka jefa ta inda babu iska, lalle ta wargaje, awon ya zama banza.

Da Carol ta komo aiki a Jami'ar Oksfod, sai ta sa wannan al'amari gaba. Ita da abokan aikinta suka yi ta gyaran na'ura, suna sassauta ƙarfinta, don ƙungiyar ta ratsa a hankali. Cikin 1999 suka auna wata ƙungiya mai suna GroEL, mai furotin 14, ba ta watse ba. Nauyinta ya kai na ƙwayar haidurojin wajen sau 800,000.

Sauran mafi wuya su ne furotin da ke kafe cikin fatar ƙwayoyin jiki, kamar ƙofofi a ganuwa. Waɗannan ba su jituwa da ruwa, da maiƙo suke zama. Cikin 2008 ita da mutanenta suka nuna cewa in an lulluɓe su da wani abu mai kama da sabulu, sai su shiga na'ura lafiya, a can a tuɓe musu lulluɓin a auna su. Amfanin wannan babba ne, gama magunguna masu yawa a jikin ƙofofin nan suke kamawa. In magani ya kama, nauyi sai ya ƙaru, na'ura ta shaida.

Cikin 2001 ta zama mace ta farko da aka naɗa farfesan kemistiri a Kambirij, cikin 2009 kuma ta zama ta farko a Oksfod. An ba ta lambar girma ta Dame cikin 2013, ta kuma shugabanci ƙungiyar masana kemistiri ta Ingila daga 2018 zuwa 2020.

Abin lura a nan, na'urar da ta fara koya tana ƙaramar ma'aikaciya, ita ce dai ta riƙe har ta kai wannan matsayi. Gaskiyar masu magana, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.