Digirin Zane Mai Motsi: Me Ya Kamata Jami'a Ta Koyar?

Tun da manhajojin kwamfuta irin su Blender suka zama kyauta, darussa kuma suka cika intanet, ake ta muhawara kan amfanin shafe shekara uku ko huɗu ana neman digiri a fannin zane mai motsi da siddabarun fina-finai. Matsayin wannan maƙala shi ne digirin yana da amfani, amma da sharaɗin ya horar da ido da tunanin ɗalibi. Idan iyakarsa koyar da sarrafa manhaja, to asarar kuɗi ce da lokaci.

Tarihin fannin shi ne hujja ta farko. A 1972, Ed Catmull yana ɗalibi a Jami'ar Utah ta Amurka ya yi amfani da lissafi ya fitar da siffar hannunsa a kwamfuta yana motsi. A 1975 kuma makarantar CalArts, wadda Walt Disney ya assasa, ta buɗe sashen koyar da zane mai motsi, inda tsofaffin ma'aikatan Disney suka koyar da John Lasseter da Brad Bird da fensir da takarda. Haɗuwar waɗannan tsatso biyu, lissafi da zane, ita ta haifi Toy Story a 1995, dogon fim na farko da aka yi kacokan da kwamfuta. Na'urorin da waɗannan mutane suka yi aiki da su sun daɗe da zama tarihi, amma ilimin da suka samu a aji yana nan daram.

A dubi darasin farko da ake ba ɗalibi, wato zana ƙwallo tana faɗuwa. Daƙiƙa ɗaya ta fim hotuna 24 ce. Dole ya lura cewa tazarar ƙwallon tana ƙaruwa daga hoto zuwa hoto yayin da take gangarowa, ta ɗan baje idan ta taɓa ƙasa, sannan ta miƙe ta tashi. In ya kuskure hoto biyu kacal, sai ƙwallon roba ta koma kamar dutse. Haka wanda ke haɗa ɗan wasan da aka ɗauka gaban koren ƙyalle da wani gari na daban: koren haske yana maƙalewa a gefen gashi, inuwa kuma tana faɗawa inda ranar garin ba ta kai ta ba. Manhaja ba ta gaya masa haka. Sai malami ya zauna kusa da shi, abokan karatu su soki aikin, ya sake, ya kuma sakewa.

Masu adawa suna da hujja mai ƙarfi. Kamfanoni aikin da mutum ya yi suke kallo kafin takardar shaida, karatun yana da tsada, kasuwar kuma ba ta da tabbas. A Fabrairun 2013 kamfanin siddabarun fina-finai na Rhythm & Hues ya bayyana karayar arzikinsa, a watan nan kuma aikinsa a fim ɗin Life of Pi ya ci kyautar Oscar. Masu adawa suna iya kuma kawo misalin Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya yi fim ɗin zane mai motsi Bon voyage Sim a 1966 ba tare da irin wannan digiri ba. Sai dai shi ma ya je Kanada ya koyi sana'ar a wurin gwanin zane mai motsi Norman McLaren. Rashin tabbas na kasuwa kuwa ƙarin dalili ne na neman ilimi mai zurfi, domin wanda ya san haske da motsi da gina labari zai iya komawa talla, ko wasannin kwamfuta, ko zane-zanen koyar da likitanci.

Saboda haka ya wajaba jami'a ta ba zanen hannu, da lissafi, da nazarin motsin jiki kaso mafi tsoka a tsarin karatunta, ta kuma tilasta wa ɗalibai yin fim cikin rukuni, mai zane da mai haske da mai tacewa, kowa yana jiran aikin ɗan'uwansa. Wanda zai biya kuɗin makaranta ya fara neman ganin fina-finan da ɗaliban ajin ƙarshe suka kammala, ya kuma tambayi awa nawa malami ke zama da ɗalibi yana gyara masa aiki.