Wasiƙar Ƙarshe: Hannun Wa, Maganar Wa?

Masu iya magana kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. To amma idan mai fuskar ya kwanta dama, ya bar 'yar takarda da ke cewa shi ya kashe kansa, wa za mu tambaya? Wannan tambaya ce ta shigar da masana harshe cikin aikin 'yan sanda da alƙalai.

Tarihin ya faro ne a Amurka. A shekarar 1949 wani masanin halayyar ɗan Adam, Edwin Shneidman, ya ci karo da ɗaruruwan irin waɗannan wasiƙu a ofishin binciken mace-mace na birnin Los Angeles. Shi da abokin aikinsa Norman Farberow suka zaɓi 33, suka sa wasu mutane masu rai su rubuta 33 na ƙirƙira, suka kwatanta su. Sakamakon da suka buga a 1957 ya ba da mamaki. Wasiƙun gaskiya sun fi cika da umarni da sallahu: a biya wane bashi, a kula da yara. Masu ƙirƙira kuwa sun fi karkata ga dogon tunani da zayyana dalili.

Sai dai kotu ba ɗakin nazari ba ce. A 1992 aka tsinci gawar matar Eddie Gilfoyle a gidansu a Ingila, tana da tsohon ciki, ga kuma wasiƙa da rubutun hannunta. Masu gabatar da ƙara suka ce mijin ne ya yaudare ta ta rubuta, aka yanke masa ɗaurin rai-da-rai a 1993. Farfesa David Canter, da ya sake nazarin rubuce-rubucen marigayiyar, ya karkata ga cewa maganar tata ce, amma kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi karɓar shaidarsa a 2000, tana ganin hanyar ba ta kafu ba. An saki Gilfoyle a 2010, a lokacin kuma yana kan bakansa cewa bai aikata ba.

Mu marubuta mun san kowane alƙalami da irin tafiyarsa. Abin da wannan tarihi ya ƙara mana shi ne, gane hannun da ya riƙe alƙalami abu ne mai sauƙi. Gane bakin da ya zaɓi kalmomin shi ne jan aiki, kuma a kansa mutum kan iya shafe shekara 17 a kurkuku.