Amanar Ƙasa: Tarihin Dokokin Gona a Arewa da Rabon Talaka a Cikinsu

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Yawancin masu karanta wannan mujalla suna zaune ne a Kano, Kaduna, Abuja, Legas da sauran birane, amma da wuya a sami wanda ba shi da gona ko kangon gida a garinmu, ko ta gado ko ta saye. Da yawa mun sakankance cewa gonar nan tamu ce har abada, tunda kowa a gari ya san ta kakanmu ce. Sai dai doka tana da tata maganar daban. Wannan maƙala za ta bi sawun dokokin ƙasa da aka yi a Arewa tun daga zuwan Turawa, domin mu ga yadda kowace hukuma ta ce tana riƙe da ƙasa ne amana saboda talaka, da kuma abin da ya kai hannun talakan.

Kafin Zuwan Turawa

A ƙasar Hausa ta dā, daji yana da yawa, mutane kaɗan. Baƙo in ya zo, sai ya je wurin dagaci ko mai unguwa, a nuna masa daji ya sare. Muddin yana noma wurin yana biyan abin da aka aza masa, ba mai tashinsa, kuma 'ya'yansa za su gada. Maigida da ƙannensa da 'ya'yansa suna noma gandu tare, kowane baligi kuma yana da 'yar gayaunarsa. Gona tana sauya hannu ta hanyar gado, kyauta, aro da jingina, shaidarta kuwa ita ce dattawa da maƙwabtan iyaka.

Bayan jihadin 1804, malaman Daular Usmaniyya sun yi rubutu a kan wannan al'amari. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a littafinsa Ta'alimur Radi, ya bayyana hanyoyin da ake samun haƙƙi a kan ƙasar da ba ta da mai ita, kamar raya ta da aiki, da kyautar shugaba, da keɓe hurumi domin amfanin jama'a. Amma ba kowa ne ya ci moriyar wannan tsari ba. Sarakuna da attajirai suna da manyan gandaye da rinjoji inda bayi suke noma, kuma bawa ba shi da iko da ƙasar da ya zubar wa gumi. Wannan shi ne rukunin farko na waɗanda aka bari a baya.

Zamanin Turawa

Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Gwamna Lugga ya shaida wa manyan gari cewa duk ikon da sarakuna suka samu ta hanyar yaƙi ya koma hannun Ingila, har da ikon ƙasa. Magajinsa, Gwamna Girouard, ya sa aka kafa kwamiti a Landan a 1908 domin duba sha'anin ƙasar Arewa. Daga shawarar kwamitin aka yi dokar 1910, wadda aka sabunta a 1916. Dokar ta ce dukkan ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, zai riƙe ta domin amfanin 'yan ƙasa, kuma ba wata mallaka da za ta tabbata sai da yardarsa.

Adalci ne a faɗi alherin wannan doka. Ta hana Turawa 'yan kama-wuri-zauna yanke manyan gonaki kamar yadda suka yi a Kenya da Rodeshiya, ko Afirka ta Kudu, inda dokar 1913 ta bar wa baƙar fata kimanin kashi 7 cikin 100 kacal na ƙasar kakanninsu. Manomin gyaɗa da na auduga ya ci gaba da zama a gonarsa. Duk da haka, ikon da aka ce na Gwamna ne, a ƙauye hakimi da dagaci ne suke zartar da shi a ƙarƙashin En'e. A ƙasar Kano malaman taki suna auna gonaki domin yanka haraji, kuma wanda ya kasa biya ya gudu, sau da yawa in ya dawo sai ya tarar an ba wani gonarsa. A tsaunukan Jos kuwa, kamfanonin haƙar kuza sun cinye gonakin Birom da izinin gwamnati.

Game da bayi, Turawa sun ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne, amma ba a haramta bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Mutane da dama sun fanshi kansu ta hanyar murgu. Ba a yi wata doka da ta raba musu gonakin rinjin da suka noma ba. Wasu sun tafi sun sari daji, wasu sun zauna suna noma da aro a hannun zuriyar iyayen gijinsu.

Mata ma sun ga nasu. A 1923 Sarkin Kano Usman ya hana mata gadon gidaje da gonaki, aka zauna a haka shekara 31, sai a 1954 Sarki Muhammadu Sanusi ya soke hanin. Wannan yana cikin 'yan lokutan da hukuma ta mayar wa wani rukuni na jama'a haƙƙin ƙasa da aka ƙwace masa.

Bayan Samun 'Yanci

A 1962 gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Firimiya Sa Ahmadu Bello, ta yi sabuwar dokar ƙasa. Ginshiƙinta bai bambanta da na 1910 ba, illa dai ikon ya tashi daga hannun Gwamna Bature ya koma hannun minista ɗan ƙasa. Dokar ta raba haƙƙin zama gida biyu: na takarda, wanda gwamnati ke bayarwa, da na al'ada, wanda yawancin manoma ke kai. A 1965 kuma aka yi dokar keɓe makiyaya domin Fulani, waɗanda suka daɗe suna biyan jangali ba su da ko taki ɗaya da za su kira nasu. An ware wurare fiye da 400 a tsawon shekaru, amma kimanin kashi ɗaya cikin uku kaɗai aka tabbatar a hukumance. Da yawa daga cikin sauran, tare da burtalolin da ke kai wa gare su, gonaki da gine-gine sun cinye su. Sakamakon wannan sakaci ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san halin da karkarar Arewa maso Yamma ta shiga.

Dokar 1978

Ranar 29 ga Maris, 1978, gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta shimfiɗa tsarin Arewa a kan Nijeriya baki ɗaya. Sashe na farko ya danƙa dukkan ƙasar kowace jiha ga Gwamnanta, amana domin amfanin 'yan Nijeriya. Filayen birni Gwamna ke bayar da su, na karkara kuma ƙaramar hukuma, wadda za ta iya ba mutum har hekta 500 domin noma ko 5,000 domin kiwo. An taƙaita filin da ba a gina ba da mutum zai ci gaba da riƙewa a birni zuwa rabin hekta. Manufar da aka bayyana ita ce a karya 'yan baranda, a sauƙaƙa wa kowa samun fili.

Abubuwa uku a cikin dokar ya kamata kowane mai gona ya sani. Na farko, manomin da ke noma gonarsa kafin 1978 doka ta amince ya ci gaba da riƙe ta, ko da ba shi da takarda. Na biyu, Gwamna yana da ikon soke haƙƙin kowa in an ce jama'a na bukatar wurin. Na uku, in an karɓe, diyyar da za a biya ta gini ce da shuka da itatuwa. Ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta, tunda a idon doka ba ta manomin ba ce. Ga kuma ƙarin cewa Gwamna ne ke shata inda birni ya tsaya. Rana ɗaya za a iya wayar gari gonar ƙauye ta zama filin birni, a yanka fulotai, a raba wa waɗanda suka san ƙofar ofis.

Darasin Bakolori

Ba a yi nisa ba aka ga yadda wannan iko yake a aikace. A kan kogin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara da Maradun a Jihar Zamfara ta yau, an gina madatsar ruwa ta Bakolori, aka kammala a 1978. Ruwan ya tashi mutane kimanin 13,000 daga gidajensu da gonakinsu. Waɗanda ke cikin filin noman rani an hana su shuka yayin da ake baje ƙasa, aka sare itatuwansu, iyakoki suka ɓace, kuma da aka zo mayar da gonaki rabon ya rikice. Na ƙasan madatsar kuma fadamunsu sun daina samun ambaliyar da suke noman shinkafa da ita. Da biyan diyya ya yi ta jan ƙafa, manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aiki. A watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu, aka ƙone ƙauyuka. Hukuma ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Aikin da aka ce an kawo domin manomi, shi ne ya fara cin manomin.

Yunƙurin Mayar da Haƙƙi

A daidai wannan lokaci an gwada wata hanya. A 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci jihohin Kano da Kaduna, Gwamna Abubakar Rimi da Gwamna Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. A Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa da Katsina, Balarabe Musa ya kafa hukumar binciken filaye domin sauraron koken manoman da suka ce masu sarauta da masu kuɗi sun ƙwace musu gonaki. Talakawa sun fito sun faɗi abin da suka daɗe suna haɗiyewa. Amma majalisar jihar tana hannun 'yan adawa, kuma a watan Yuni na 1981 ta tsige Gwamnan, aikin bai kai inda aka nufa ba.

Bayan shekara 28, a 2009, Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran tsarin ƙasa ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje. A lokacin an ƙiyasta cewa filayen da ke da rajista a Nijeriya ba su wuce kashi 3 cikin 100 ba. An yi gwajin auna filaye da yi musu rajista unguwa-unguwa a jihohin Kano da Ondo. Shugaban ya rasu a watan Mayu na 2010, gyaran dokar kuma bai samu ba, domin an saka ta cikin tsarin mulkin 1979, aka maimaita a na 1999, ba ta taɓuwa sai da irin matakan da ake bi wajen gyara tsarin mulki.

Kammalawa

In mai karatu ya duba wannan tarihi zai ga abu guda yana maimaita kansa. A 1910 da 1962 da 1978 an ce ana riƙe da ƙasa ne domin amfanin jama'a, amma kowane karo ikon yana ƙara nisa da bakin gona, yana komawa inda takarda ke magana. Jikan bawa da mace da makiyayi da ƙaramin manomi, waɗanda hujjarsu ita ce shaidar dattawa, su ne suka fi asara. Ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55 da 'yan kai, ta 2006 ta ba ta miliyan 140, ƙasar kuwa ba ta ƙaru ba, kuma dattawan da suka san iyakoki suna ta ƙarewa.

A nan ne maganar ta zo kanmu. 'Ya'yan gari mazauna birni su ne suka san takarda, suka san ofis. Wannan sani yana iya zama garkuwa ga 'yan uwa na gida, yana kuma iya zama wuƙar da za a yanke su da ita, domin sau da yawa mai sayen gonar marayu da araha a shekarar yunwa ɗan gari ne, ba baƙo ba. Saboda haka ina ba da shawara kowane gida ya raba gadonsa tun shaidu suna raye, a ba mata da marayu rabonsu a rubuce. A auna gonaki, a nemi takardar shaida daga ƙaramar hukuma ko ma'aikatar ƙasa. Ƙungiya kuma ta haɗa kai da hakimi da dagatai a rubuta iyakokin makabarta, filin Idi, filin makaranta, kasuwa, burtali da mashaya, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Lauyoyinmu da masu awon ƙasa su ba da gudummawar iliminsu, ta yadda in wani aikin gwamnati ko na kamfani ya zo, manomi ba zai dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta masa ba.

An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da iyaye suka bar mana, mu miƙa ta ga na baya ba tare da tauye haƙƙin kowa ba.