Karatun gida a iyalan Kirista

Karatun gida shi ne tsarin da iyaye suke ɗaukar nauyin koyar da 'ya'yansu darussan boko a gida, maimakon su sa su a makarantar gwamnati ko ta kuɗi. Wani lokaci uwa ko uba ne ke koyarwa, wani lokaci a ɗauko malami, ko kuma iyalai biyu ko uku su haɗu su raba darussa a tsakaninsu. Ya bambanta da aikin gida da malami ke bai wa ɗalibi, ya kuma bambanta da lesin na yamma, domin mai zuwa lesin yana da makarantarsa da sunansa a rajista. A ƙarni na 20 tsarin ya fi bunƙasa a tsakanin iyalan Kirista a Amurka, kuma daga can littattafansa suka bazu zuwa wasu ƙasashe. A Najeriya masu bin sa ba su da yawa, an fi samun su a birane irin su Legas, Abuja da Jos. Da yake dokar ƙasar ba ta yi masa tanadi ba, shirin da irin waɗannan iyalai suke yi a farkon kowace shekarar karatu ya rataya ne a kan tambaya guda: ta wace hanya yaron zai zauna jarrabawar da za ta ba shi takardar shaida.

Asali

Koyar da yara a gida ya girmi makarantar zamani. A tarihin Kiristanci akan ba da misali da Susanna Wesley, mahaifiyar John Wesley wanda ya kafa ɗariƙar Methodist, wadda ta koyar da 'ya'yanta a gida a Ingila a farkon ƙarni na 18, tana fara wa kowane yaro karatu idan ya cika shekara 5. Iyayen da suke bin wannan hanya a yau sukan kafa hujja da sura ta 6 ta littafin Maimaitawar Shari'a da kuma Karin Magana 22:6, inda aka ɗora tarbiyyar yaro a wuyan iyayensa.

Tsarin na zamani ya samo asali ne a Amurka daga ɓangarori biyu da ba su yi kama da juna ba. John Holt, malamin makaranta da yake ganin aji yana kashe sha'awar koyo, ya fara buga mujallar Growing Without Schooling a 1977. Raymond Moore da matarsa Dorothy, mabiya ɗariƙar Adventist, sun wallafa littafin Better Late Than Early a 1975, inda suka ce kada a gaggauta sa yaro a aji kafin ya kai shekara 8 zuwa 10. Ra'ayin su Moore ne ya fi shiga majami'u. A 1983 lauyoyi biyu, Michael Farris da Michael Smith, suka kafa ƙungiyar HSLDA don kare iyayen da ake kai wa kotu, kuma zuwa 1993 karatun gida ya halasta a duk jihohi 50 na ƙasar. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ilimi ta Amurka sun nuna yara kusan 850,000 ne ke karatu a gida a 1999, adadin ya kai kusan miliyan 1.8 a 2012.

Sauran ƙasashe kowace da hanyarta. Dokar ilimi ta Ingila ta 1996 ta yarda da shi, ta Afirka ta Kudu ta 1996 ta yarda amma sai an yi wa yaro rajista, Faransa ta mayar da shi sai da izini tun 2022, Jamus kuwa ta haramta shi.

A arewacin Najeriya

A ƙasar Hausa karatu a gida ba baƙon abu ba ne, sai dai karatun addinin Musulunci aka san shi da shi. Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa yake a Gwandu, ya bayyana a littafinsa Ida'un Nusukh cewa a wurin mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani, sannan yana da shekara 13 ya koma hannun yayansa Shehu Usmanu. Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ita ma a gidan malamai ta tashi, daga baya ta tsara 'Yan Taru, inda jajis suke kai karatu ga mata har ƙauyukansu. Har yau a garuruwan masarautar Gwandu irin su Dalijan da Kalgo, makarantar allo da karatun zaure suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da firamare. Bambancin shi ne wancan karatu yana da hanyarsa ta shaida, wato sauka da ijaza daga malami, shi kuwa karatun boko shaidarsa tana hannun hukumomin jarrabawa.

A ɓangaren Kirista, waɗanda suka fara koyar da yaransu boko a gida su ne Turawan mishan. A zamanin mulkin mallaka tashoshinsu suna nesa da juna, kuma mishan da yawa a duniya sun dogara da darussan da makarantar Calvert ta birnin Baltimore take aikawa ta gidan waya tun farkon shekarun 1900. Wahalar wannan tsari tana cikin dalilan da suka sa aka buɗe makarantun 'ya'yan mishan a Filato: Hillcrest a Jos a 1942, da Kent Academy a Miango a 1946. Su kuwa Kiristocin ƙasa akasari makaranta suka nema, ba gudunta suka yi ba, domin mishan da makaranta tare suka zo musu. Haka abin yake a kudancin Jihar Kebbi, wato ƙasar Zuru da Yawuri, inda mafi yawan Kiristocin jihar suke, kuma inda majami'u irin su UMCA, ECWA da Katolika suka daɗe da kafuwa.

A 'yan shekarun nan iyalai da dama, Kirista da Musulmi, sun tsinci kansu suna koyar da yara a gida ba da zaɓinsu ba. Annobar korona ta sa an rufe makarantu daga watan Maris na 2020 har tsawon watanni, jihohi suka koma ba da darasi ta rediyo da talabijin. A ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka sace ɗalibai da malamai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, kuma sai a 2023 ragowar 'yan matan suka dawo. A ranar 17 ga Nuwamba 2025 aka sace ɗalibai mata 25 a makarantar sakandare ta Maga a ƙaramar hukumar Danko-Wasagu, kwana huɗu bayan haka aka kai hari makarantar Katolika ta St Mary da ke Papiri a Jihar Neja, jihohi da dama suka rufe makarantu. Akwai kuma hutun azumi na 2025, lokacin da jihohin Kebbi, Kano, Katsina da Bauchi suka rufe makarantu na kusan mako biyar, abin da ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, ta nuna rashin amincewa da shi.

Matsayin doka

An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya, UBE, a Sakkwato a ranar 30 ga Satumba 1999, dokarsa kuma ta fito a 2004. Sashe na 2 na dokar ya wajabta wa kowane mahaifi ya tabbatar ɗansa ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kuma kammala, wato shekara 9. Wanda ya saɓa, a karon farko gargaɗi ne, a karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya ko duka biyu, bayan haka tarar naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu ko duka biyu. Dokar ba ta ambaci karatun gida ba, ba ta kuma tanadi hanyar yi masa rajista ba. An rubuta ta ne da tunanin yaran da ba sa samun karatun boko ko kaɗan, waɗanda yawansu a arewa babbar matsala ce, amma lafazinta ya hau kan mai koyar da ɗansa a gida ma.

Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi darasin wani addini da ba nasa ba wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Wannan kariya ce ga yaron da ke cikin makaranta, ba izinin cire shi daga makaranta ba.

Shirin sabuwar shekarar karatu

Shekarar karatu a Najeriya takan fara a watan Satumba ta ƙare a Yuli, kuma zango uku ce. Yawancin masu karatun gida suna bin wannan kalanda, don hutun yaransu ya zo daidai da na 'yan'uwa da maƙwabta, shiri kuma akan fara shi a cikin dogon hutun Agusta.

Abu na farko shi ne hanyar jarrabawa. Jarrabawar WAEC da NECO ta 'yan makaranta sai ta hannun makarantar da aka amince da ita ake yin ta, kuma tana buƙatar makin gwaje-gwajen da makarantar ta tara wa ɗalibi. Wanda ya yi karatu a gida yakan bi ta jarrabawar masu zaman kansu, wadda aka fi sani da GCE. WAEC tana yin ta sau biyu a shekara tun 2018, a farkon shekara da kuma ƙarshenta, NECO kuma tana yin tata a wajen Nuwamba da Disamba. A darussan kimiyya masu zaman kansu ba sa shiga ɗakin gwaji, takarda ake ba su a madadinsa, don haka yaron da bai taɓa riƙe kayan gwaji ba zai iya ci, amma giɓin yakan bayyana idan ya shiga jami'a. Jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, BECE, ita ma ta makaranta ake bi, shi ya sa wasu iyalai suke sa yaro a wata makaranta a shekarar da zai zauna ta. Don shiga jami'a ana buƙatar kiredit biyar, har da Turanci, da jarrabawar JAMB, wadda rajistarta ke buƙatar lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma mafi ƙarancin shekarun shiga 16 ne. Masu hali sukan zaɓi jarrabawar Cambridge IGCSE ta hannun British Council, sai dai kuɗinta yana tashi idan naira ta faɗi.

Daga nan sai manhaja. Manhajar ƙasa hukumar NERDC ce ke tsara ta, kuma littattafan da aka rubuta a kanta ana samun su a shagunan littattafai na birane kamar Birnin Kebbi da Sakkwato. Akwai kuma manhajojin Kirista na Amurka, irin su Abeka da ACE. Ita ACE, wadda Donald Howard ya kafa a Texas a 1970, ta raba kowane darasi zuwa ƙananan littattafai da yaro ke bi da kansa, abin da ke rage wa uwa nauyi idan yaran suna da yawa. Matsalarsu ga ɗan Najeriya a fili take: tarihin cikinsu na Amurka ne, kuɗi da dala, awo da inci da mil, har rubutun Turancin ma ya saɓa wa na Ingila da makarantun Najeriya suka saba da shi. A darasin halittu kuma suna koyar da farkon halitta bisa littafin Farawa, alhali manhajar WAEC tana tambaya a kan ra'ayoyin Lamarck da Darwin. Iyalin da suka zaɓi irin waɗannan littattafai dole su haɗa da na ƙasa tun kafin shekarun jarrabawa.

Kafin a sayi littafi akan gwada yaro a karatu da lissafi don a gane inda ya tsaya, domin dogon hutu yana sa a manta, kuma yaro zai iya zama ɗan aji huɗu a karatu amma ɗan aji uku a lissafi. Wannan sassauci yana cikin abubuwan da suka fi jan iyaye zuwa tsarin.

Jadawalin yini yakan fara da addu'ar safe, da karatun Littafi Mai Tsarki da waƙa, sannan haddar aya. Iyalai masu jin Hausa suna da cikakkiyar fassara tun 1932, wadda Dokta Walter Miller na Zariya ya yi babban aiki a kanta, kuma yara da yawa a ita suke fara sabawa da karatun Hausa. Darussa masu nauyi akan sa su da safe. A yanki kamar Gwandu yanayi ma yana shiga lissafi: Satumba da Oktoba lokacin zazzaɓin cizon sauro ne da kuma kaka, lokacin da gidan manoma ke buƙatar hannun kowa, a Maris da Afrilu kuwa zafi yakan wuce digiri 40, karatun rana ya gagara. Hutun Kirsimeti da na Ista su ne suke raba zangunan. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, darasin intanet ba abin dogaro ba ne sai da sola, don haka littafin takarda da allon bango da alli su ne ginshiƙi.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne ajiye bayanai. Rajistar kwanakin karatu, jerin littattafan da aka gama, makin gwaji da samfurin rubutun yaro su ne kaɗai abin da iyaye za su nuna idan suka nemi mayar da shi makaranta, domin makarantu sukan tambayi sakamakon ajin baya, su kuma yi masa gwajin shiga.

Suka

Masu sukar tsarin suna cewa yana raba yaro da tsararsa. Iyaye sukan amsa da cewa Makarantar Lahadi, ƙungiyar mawaƙa da ƙungiyoyin yara irin su Boys' Brigade da Girls' Brigade suna cike wannan gurbi. Amsar tana da rauni a wurin da Kirista suke tsiraru, domin duk waɗannan a cikin majami'a suke, kuma sau da yawa makaranta ce wurin da ɗan Kirista da ɗan Musulmi suke zama benci ɗaya na tsawon shekaru. Ana kuma nuna cewa nauyin koyarwa yakan faɗa kan uwa, wadda za ta bar aiki ko sana'a, sannan iyaye kaɗan ne za su iya koyar da lissafi da kimiyya na babbar sakandare ba tare da ɗauko malami ba. Masu kare haƙƙin yara suna ƙara da cewa malamin aji yana cikin waɗanda suke fara lura idan ana cutar da yaro a gida, ko idan yana da matsalar gani ko ji, kuma a Najeriya babu jami'in da doka ta ɗora wa alhakin ziyartar yaron da ke karatu a gida.