Yadda Kofin Kwandon Mata Ya Daina Zama Gadon Gida Ɗaya

Tun shekarar 2005 Bankin Zenith yake ɗaukar nauyin gasar ƙwallon kwando ta mata a Najeriya, ƙarƙashin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, NBBF. A shekarun farko, kiranta gasa ma kara ce kawai. 'Yan matan First Bank na Legas sun riga kowa shiri: ga albashi, ga masu horarwa, ga kofin zakarun ƙungiyoyin Afirka da suka ɗauko a 2003, suka kuma maimaita a 2009. Sauran ƙungiyoyi 'yan rakiya ne, a zo a yi wasa, a tafa wa mai kofi, a koma gida.

First Deepwater ce ta fara karya wannan lagon a 2010, ta riƙe kambun shekaru a jere, sannan Dolphins ta ɗauka a 2015. Sai dai duk rikicin cikin gida ne, domin su ukun 'yan Legas ne.

Abin da ya girgiza gasar da gaske ya faru a 2019, lokacin da Air Warriors ta Abuja, wadda ba a sa ta a lissafi ba, ta doke MFM a wasan ƙarshe. Ana cikin murna korona ta shigo, rigimar shugabanci kuma ta dabaibaye NBBF, har gwamnati ta janye Najeriya daga wasannin ƙwallon kwando na duniya a Mayun 2022. Ta soke matakin daga baya, amma bakin alƙalami ya bushe: Mali ta riga ta maye gurbin ƙungiyar mata ta Najeriya, D'Tigress, a gasar cin kofin duniya. Da aka dawo fili a 2023, MFM ta lashe kofin, ta kuma kare shi a 2024.

Yanzu ana fara fafatawa ne a shiyya biyu, Atlantic ta kudu da Savannah ta arewa, inda irin su Plateau Rocks da 'yan Kwastam suke neman tikitin zagayen ƙarshe. A ganina wannan rabon ya fi kowane kofi amfani, don ya rage wa ƙananan ƙungiyoyi kuɗin mota da masauki, waɗanda su ne ke kashe su tun kafin a busa usur.

To, ina garuruwan arewa irin su Potiskum a nan? Arewar da gasar ta sani ta fi karkata ga Abuja, Jos da Kaduna. Uzurin sutura, wanda iyaye da dama suke kawowa, ya yi rauni tun 2017 da hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta amince a yi wasa da hijabi. Saura fili mai daɓe, da ƙwallo, da mace mai horarwa wadda uba zai yarda ya damƙa mata 'yarsa. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garin tana da ɗalibai mata, kwalejojin ilimi kuma suna da gasarsu ta NICEGA, inda ƙungiya za ta iya gwada ƙarfinta kafin ta tunkari Savannah.