Tarihin Littattafan Awon Albarushi: Daga Ƙiyasin Ido zuwa Ma'auni

A Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai wata daɗaɗɗiyar al'ada tsakanin maharba da masu gasar harbi. Idan sun harba harsashi ba su jefar da kwansonsa: sukan tsince shi, su sa masa sabuwar hula, su zuba albarushi, su ɗora dalma, ya koma sabo. Tsadar harsashi ce ta haifar da wannan sana'a, amma tun farkonta tambaya guda ke biye da ita: albarushi nawa za a zuba, kuma maganar wa za a gaskata?

A zamanin baƙin albarushi amsar ba ta da wuya sosai. Irinsa ne aka riƙa haɗawa a Damagaram a mulkin Sarki Tanimun, kuma shi ne maharban karkara suka sani a bindigar gargajiya. Da mudu ake auna shi, wato da yawan wurin da ya cika, har ma a ƙaramar bindiga girman kwanso shi ke iyakance abin da zai shiga.

Cikin shekara ta 1884 wani masanin Faransa, Paul Vieille, ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi, wanda ƙarfinsa ya kai kusan ninki uku na baƙin. Daga nan lissafi ya sake. Ɗauki misalin harsashin ƙaramar bindiga mai suna .38 Special, wanda aka tsara a 1898 domin baƙin albarushi. Kwansonsa dogo ne, alhali sabon albarushi mai saurin ci ɗan kaɗan ake bukata a gindinsa, ta yadda mutum zai iya zubawa sau biyu bai lura ba. Sakamakon haka shi ne tarwatsewar bindiga a hannun mai ita. Dole aka koma awon nauyi da sikeli, da wani ma'auni da ake kira giren, wanda bai wuce kimanin miligiram 65 ba.

A wannan shekarar ta 1884 ne kuma John Barlow ya kafa kamfanin Ideal a birnin New Haven, yana ƙera kayan sake cika harsashi, daga baya ya shiga buga ɗan littafin jagora. Kamfanin Lyman ya gaji sana'ar a 1925, ya ci gaba da buga littafin. A 1937 Philip Sharpe ya fitar da babban kundinsa, Complete Guide to Handloading. Bayan yaƙin duniya na biyu, Bruce Hodgdon ya sayi rarar albarushin soja a 1947 yana sayar wa jama'a, kamfanin Speer kuma ya buga littafinsa na farko a 1954.

Sai dai ba duk lambar da aka buga ce aka auna da na'ura ba. Da yawa daga masanan wancan lokaci da ido suke hukunci: su duba ko hular ta baje, ko kwanson ya maƙale wajen fita. Irin su Elmer Keith, wanda gwaje-gwajensa suka taimaka wajen samar da .357 Magnum a 1935 da .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950, sun yi suna, har maganarsu ta zama hujja. Amma an gano cewa waɗannan alamomi kan makara. Sau da yawa ba su bayyana sai matsi ya riga ya ƙetare iyaka.

Hanyar auna matsin tana da nata tarihi. A shekarun 1860 Andrew Noble na Birtaniya ya samar da dabarar sa ɗan guntun jan ƙarfe a jikin bututun gwaji. Idan an harba, sai a duba yadda ya matse, a lissafa ƙarfin. An shafe fiye da shekara ɗari ana dogara da ita, kafin na'urar lantarki ta zo, wadda ke nuna hawa da saukar matsi tun daga kamawar wuta har fitar dalma. Da aka sake gwada tsofaffin lambobi da ita, sai aka tarar wasunsu sun yi yawa. Dalili ke nan da ya sa sababbin bugu na littattafan suka rage awon da na da suka halatta, abin da ya fusata masu ganin cewa an yi ne don tsoron shari'a kawai.

Na'ura kuwa ba ta isa ba sai da iyakar da kowa ya amince da ita. A 1914 aka kafa hukumar CIP a birnin Liège na Beljik, ƙasashen da ke cikinta, har da Faransa, suka mai da gwajin makamai da harsasai doka. A Amurka masu masana'antu suka kafa ƙungiyar SAAMI a 1926, wadda bin ƙa'idojinta na ganin dama ne. Hanyoyin awon ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne, saboda haka lambobinsu kan saɓa a kan harsashi guda.

A yau masu wannan sana'a sun tsaya a kan ƴan sharuɗɗa. Ana karɓar lamba ce idan ta fito daga ɗakin gwajin mai yin albarushi ko mai ƙera dalma, tare da bayanin irin kwanso, hula, nauyin dalma da tsawon bututun da aka yi gwajin da su. Ana gwama littafi biyu ko uku na bugun baya-bayan nan, domin albarushi mai suna ɗaya kan ɗan bambanta daga wani haɗi zuwa wani. Abin da aka ji a bakin wani kuwa, komi sunansa, ba a ɗora yatsu da idanu a kansa.

Malamin da ke koya wa ɗalibai binciken tushe zai sami misali a nan. Kasancewar magana a rubuce, ko tsufan littafi, ko girman marubuci, babu wanda ya wadatar. Abin tambaya shi ne wa ya auna, da wane ma'auni, a wace shekara. A wannan fage, wanda ya ƙi tambaya da jikinsa yake biya.